Muryar Da Ke Cikin Wayar Hafsatu

Ranar da Hafsatu ta fara shiga situdiyon Mahadi a Tudun Wadan Gusau, ba waƙa ta je yi ba, rakiya ta yi. Ƙawarta Zuwaira ce ke da aiki a wurin. Ita kuwa ta samu benci a lungu ta zauna, tana ƙare wa ɗakin kallo da idon nan nata na wadda ba ta yarda da kowa ba. Bango duk an manne shi da kwalayen ƙwai, ga kwamfuta, ga makirufo a tsaye, ga wani saurayi dogo siriri yana kaɗa kai.

Zuwaira na cikin rera amshi sai saurayin ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Wa ke bin ki ta ƙasa?"

"Ta ƙasa kuma?" in ji Zuwaira.

"Akwai wata murya da ke tafiya ƙarƙashin taki. Ba irin taki take yi ba, amma ta zauna daram."

Hafsatu ta ja mayafi ta rufe baki. Ita ce. Tun tana yarinya a garinsu Bilbis haka take, in ana waƙa ba ta iya hawa sama kamar sauran 'yan mata, sai ta lalubo wata hanya ta ƙasa ta bi a hankali, ba ta ma san tana yi ba.

Mahadi ya juyo ya dube ta, ya ɗan daɗe yana duban. "Baiwar Allah, don girman Allah sake yi."

"Ni ban yi komai ba," ta ce. "Kuma in dabarar karɓar lambar waya ce, ka canza wata."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Lambar dai ya samu, amma sai bayan mako uku, kuma sai da ta sa Zuwaira ta rantse mata cewa ba shi da mata, ba shi da budurwa, ba ya shan komai sai shayi.

Aikin da ke gaban Mahadi shi ne waƙar walimar sauka. Wata Islamiyya ce a Bungudu ta ba shi, za a rera a gaban iyaye bayan kaka. Shi zai ja baiti, amshi kuwa so yake a yi shi da murya biyu a lokaci ɗaya, Zuwaira a sama, Hafsatu a ƙasa, kowace da layinta. Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifin Hafsatu wadda take zaune a wurinta tana koyon ɗinki, ta yarda ta riƙa zuwa gwaji Talata da Alhamis bayan la'asar, da sharaɗin ƙofar situdiyo ta kasance a buɗe hanhai.

Nan fa ake yin ta. In Hafsatu ce ita kaɗai, layinta sumul yake fita. Da zarar Zuwaira ta shigo da tata muryar mai zaƙi, sai ka ji ta Hafsatu ta fara rawa, ta fara jan jiki sama-sama, kafin a kai rabin amshi ta koma rera abin da Zuwaira ke rerawa. Murya biyu ta zama ɗaya, aiki ya koma baya.

"An sace ki," Mahadi zai ce, ya kashe kiɗa. "Daga farko."

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya sa ta toshe kunne ɗaya da yatsa don ta ji kanta. Ya sa sun juya wa juna baya. Ya sa ta riƙe sauti guda ɗaya tak, ta ja shi har numfashinta ya ƙare, Zuwaira na hawa tana sauka a kusa da ita. Ya rera mata layin da bakinsa, amma muryar namiji ta yi mata nisa, sai ta ƙara rikicewa.

"Ki ji ta, amma kada ki bi ta," yake cewa. "Ke ma kina da inda za ki."

Gwaji na tafiya da ƙyar, wani abin kuwa na tafiya da gudu. Kafin ta isa gida saƙo ya riga ta.

"Ginshiƙina, kin isa lafiya? Yau kin riƙe layinki har amshi biyu kafin a sace ki. Jibi uku nake so."

"Malam, wa kake kira ginshiƙi? Wato na yi ƙiba ke nan?"

"Subhanallahi. Ke ce ke ɗauke da ɗakin. In kin goce, a kaina rufin zai faɗo."

"To Allah ya sa ni kaɗai ake turo wa irin wannan."

"Ke kaɗai, wallahi tallahi."

Sai ta kifa wayar a ƙirji ta yi murmushi, sannan ta sake ɗagawa ta duba ko saƙon na da alamar an turo shi daga wani wuri. Hali zanen dutse. Amma son shi take, so mai tsanani, kuma ta sani.

Wata biyu da haɗuwarsu Mahadi ya tura kawunsa Bilbis neman izini. Malam Yari, mahaifin Hafsatu, manomi ne da ba ya sayen iri sai ya tauna, kuma daga wurinsa ta gado zargin nan nata. Ya saurari baƙo har ya gama, sannan ya ce, "Mawaƙi? Waɗanga mutanen situdiyo da anka ce kowace waƙa da sabuwar yarinya? Ku tahi, sai na bincika."

Aka bincika. Aka tarar Mahadi ɗan Liman Haliru ne na Karakkai, gidan mutunci, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Malam Yari ya ce ya ji, amma bai ce ya bayar ba.

Saura mako uku walima, har lokacin Hafsatu ba ta taɓa kai ƙarshen waƙar ba tare da an sace ta ba. Sai Mahadi ya ce zai je gida Karakkai kwana biyu. Ranar da ya dawo, tana kan keken ɗinki saƙonsa ya shigo haɗe da sauti.

"Ginshiƙina, na samo maganin. Ga layinki nan daga farko har ƙarshe da muryar mace. Ki sa a kunne ki yi ta bin ta har ta zauna miki. Don Allah kada ki tura wa kowa."

Ta danna.

Innalillahi. Murya ce ta mace, mai kauri mai laushi, ba hanzari ba rawa, tana tafiya a kan layin Hafsatu kamar ita ta haife shi. Duk inda Hafsatu ke tuntuɓe, wannan wucewa take yi salin-alin. Can a ƙarshe, bayan waƙar ta ƙare, ashe bawan Allah ya manta bai yanke ba. Matar ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sai ga muryar Mahadi a tausashe yana cewa, "Kai, wallahi babu kamarki."

Allura ta soki yatsan Hafsatu, ba ta ma ji ba. Ko mayafi ba ta gyara da kyau ba ta tari keke Napep sai situdiyo.

"Wace ce?"

Mahadi ya miƙe. "Sannu da zuwa, Ginshi..."

"Kar ka ƙara kira na da wannan sunan. Wace ce babu kamarta?"

Ya dafe kai, ya gane abin da ya bari a ƙarshen sautin. "Hafsatu, wallahi ba abin da kike zato ba ne. Don ke na yi."

"Na gode. Sunanta nake tambaya."

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Wa ka yi wa alkawarin?"

"Ita."

Ta tsaya tana kallonsa, idonta ya cika taf. Ta so ya yi mata ƙarya ma, ya ce wata 'yar Kano ce ya biya ta, ko ya ce kwamfuta ce ta yi. Shi kuwa sai kansa da ya sunkuyar. Ta juya ta fita.

Zuwaira, wadda dama can ta taɓa sa ran Mahadi zai dube ta kafin ya dubi ƙawarta, ba ta zuba ruwa a wutar ba. "Ni dai ban ce komai ba," ta ce, "amma mutum ya ɓace kwana biyu, ya dawo da muryar mace, ya ce kar a tura wa kowa? Ruwa ba ya tsami banza, ƙawata."

Ranar Alhamis Hafsatu ba ta je gwaji ba. Saƙo ya zo.

"Ko ba za ki yi mini magana ba, ki zo gwaji. Kwana goma sha shida ya rage."

"Ka kira mai muryar ta yi maka."

"Ba za ta iya zuwa ba."

"Don me? Mijinta zai hana?"

Can sai ga shi: "Kusan haka ne."

Matar aure! Jama'a, wani mutumin gaskiyarsa ce ke kashe shi. Hafsatu ta kai wa Gwaggo Yelwa wayar tana kuka, Gwaggo ta karanta ta yi salati, kafin isha'i magana ta isa Bilbis. Malam Yari ya kira Mahadi da kansa.

"Yaro, magana guda ce. Ka hwaɗi sunanta, in ji ko wace ce."

"Baba, ka yi mini haƙuri. Amana ce."

"To riƙe amanarka, ni ko in riƙe ɗiyata."

Hukunci ya fito: Hafsatu za ta yi walima tunda an riga an buga sunanta a katin gayyata, kuma Gwaggo ta ce gidansu ba a saɓa alkawari. Washegarin walima za ta tattara kayanta ta koma Bilbis, maganar Mahadi kuma an rufe ta.

Kuna zaton ta goge sautin? Ina! Ai sai ta gano mai shi. Ta sa shi a kunne tana ɗinki, ta sa shi tana wanke-wanke, ta sa shi tana tsefe kai. Ta haddace inda matar ke jan numfashi, da inda take ɗan jinkiri kafin ta sauka, da yadda take lanƙwasa ƙarshen amshi na uku. Ta zargi Safiya mai kitso, ta je ta zauna aka yi mata kitson da ba ta buƙata don kawai ta ji muryarta, ta tarar siririya ce kamar ta sauro. Ta zargi Habiba mai awara a bakin layin situdiyo, ta sayi awara har sau uku tana jan ta da hira. Ba ita ba ce. Duk macen da ta yi sallama a gidan Gwaggo sai Hafsatu ta kasa kunne, sannan ta koma ɗaki ta sake danna sautin ta gwada. Ta ji shi ya fi sau ɗari biyu, tana ji tana tsaki, tana bin shi da baki don haushi.

Ranar walima suka isa Bungudu da hantsi ita da Gwaggo. An kafa rumfuna a filin makaranta, maza gefe, mata gefe, masu sauka sun jeru da fararen hijabai da allunansu masu zayyana, cikinsu har da Luba ƙanwar Mahadi. Mahadi ya rame, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya matso zai yi magana.

"Ba mu yi gwaji ba kusan mako uku. In kin ji za a sace ki, ki yi shiru kawai, zan rufe."

"Ka ji da naka," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Aka buga mandiri. Mahadi ya ja baitin farko, Zuwaira ta ɗauki amshi ta yi sama da shi, Hafsatu ta shiga ta ƙasa. Amshi na ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Aka zo na uku, inda kullum take faɗuwa, Zuwaira ta ƙara hawa, Mahadi ya runtse ido yana jiran ɓarna.

Ba ta motsa ba. Tana jin Zuwaira sarai a kunnenta na dama, tana jin daɗin yadda muryoyin biyu ke gogar juna, amma ƙafarta na kan tata hanyar. Ta ja numfashi daidai inda matar nan ke ja, ta lanƙwasa ƙarshen daidai yadda take lanƙwasawa. Fili ya yi tsit. Wata tsohuwa a gaba ta fara share ido da gefen hijabi. Mahadi ya kusa manta baitinsa na huɗu don kallonta.

Da aka gama, kabbara ta tashi ko'ina. Hafsatu kuwa ba ta ji daɗin komai ba. Kishiyar da ba ta sani ba ce ta koya mata, gobe kuma sai Bilbis.

Aka shiga rabon abinci. Duk inda ta ratsa a rumfar mata, amshin ake ta rerawa, yara da manya, kuma kowa layin Zuwaira yake yi, don shi ne a sama, shi kunne ke ɗauka ya tafi da shi gida. Ta zagaya bayan aji inda aka girke tukwane za ta karɓo wa Gwaggo shinkafa. Sai ta tsaya cak.

Wani na rera layin ƙasa.

A hankali ake yi, cikin hanci, amma ko a cikin kasuwar Tsafe ta ji wannan muryar za ta gane ta. Ga jan numfashin, ga ɗan jinkirin. Ta bi sautin da ido, ta shirya ganin wata mai jan baki da gwal a wuya.

Wata dattijuwa ce a kan kujera 'yar tsugunno, da hijabi ruwan toka, tana zuba shinkafa a faranti, ba ta ma san bakinta na motsi ba.

Hafsatu ta taɓo wata mata a kusa. "Don Allah wace ce waccan?"

"Ba ki san ta ba? Inna Adama ce, matar Liman Haliru na Karakkai. Uwar Malam Mahadi mai waƙar nan."

Farantin da ke hannun Hafsatu ya faɗi. Dattijuwar ta ɗago, ta gane ta, ta washe baki.

"Ke ce Hafsatun? Zo nan, ɗiyata. Wallahi kin riƙe shi, ko ni sai haka."

Hafsatu ta durƙushe a gabanta, sai kuka. Gwaggo Yelwa da ta biyo sawu ta zo ta tarar da su haka, ita ce ta warware wa Inna Adama zancen tun daga farko, har da hukuncin Malam Yari. Inna ta saki ludayi.

"Wanga yaro zai kashe ni! Bai hwaɗa mini komi ba!" Ta rage murya, ta waiga hagu da dama. "Ni na sa shi rantsuwa. Da ina budurwa ni ka ba da waƙa a dandali, amma shekara talatin ke nan ina gidan Liman, ba wanda ya ji bakina. Ya zo shina roƙo, wai yarinyar da yake so ta kasa riƙe layinta, kuma ba shi son kiran wata budurwa kar babanki ya ji. Munka shiga ɗaki munka rufe ƙofa, na yi mashi. Na ce in ya bari wani ya san matar Liman ta shiga waya tana waƙa, ban yafe nonona ba. To ni ina na san abin zai kai haka?"

Ta miƙe za ta nemo shi, Gwaggo ta riƙo hannunta. "Dakata, Inna. Bari in kira Yaya tukuna. Na san halin kayana."

Ta koma gefe ta yi waya mai tsawo. Da ta dawo sai ta miƙa wa Hafsatu hannu. "Kawo wayarki. Babanki ya ce kar wanda ya gaya wa yaron komai, ya zo Bilbis ranar Laraba."

Kwana uku Hafsatu ta yi a Bilbis ba waya, tana zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ranar Laraba da hantsi Mahadi ya yi sallama. Ta lallaɓo ta maƙale a bayan ƙofar zaure.

Malam Yari bai ko amsa gaisuwa da kyau ba. "Yaro, na yi tunani. Ɗiyata na son ka, ta hana mu sakat. Ga mu mu biyu, ba mai ji. Ka hwaɗa mini sunan matar nan, ni ko in ba ka Hafsatu yau, kahin ka tashi daga tabarmar ga."

Hafsatu ta cusa mayafi a baki, tana ce masa a zuci, faɗi mana, ai an riga an sani!

"Baba," in ji Mahadi, "Allah ya sani ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son Hafsatu ba. In na fita daga nan babu ita, ban san yadda zan yi ba. Amma wadda ta ba ni amanar nan ba ta sake ni ba. Ka yafe mini."

Ta ji motsin tashinsa, ta ji yana laluben takalmi.

"Koma ka zauna," in ji Malam Yari. Muryarsa ta canza. "Shekara sittin ina neman mutumin da za a ba ajiya a yi barci. Na ba ka ita. Ka turo magabatanka."

Hafsatu ba ta san lokacin da guɗa ta kuɓuce mata daga bayan ƙofa ba, ita da ake nema wa aure. Kunya ta kora ta ɗaki da gudu. Da Gwaggo ta mayar mata da wayarta, nan take ta rubuta:

"Na ga Inna a Bungudu. Na san komai. Na zarge ka, na zagi muryar da ta goya ka. Ka yafe mini, Malamina, don Allah."

"Ashe kin sani kika bar ni na kusa suma a zauren Baba? Na yafe, Ginshiƙina, duniya da lahira. Amma amshi na uku, wa ya koya miki shi haka?"

"Kishi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Yari, ranar Asabar da hantsi. Motoci suka zo daga Karakkai da Bungudu da Gusau, Zuwaira ce ma babbar ƙawa, ta yi ta rawar kai kamar ba ita ba. Da aka shafa fatiha aka fara rabon goro, Liman Haliru ya matso kusa da sabon surukinsa, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Yari, an ce da hwarko ka ƙi yaron nan ƙememe, har ka rufe magana. Mi ya sauya maka ra'ayi?"

Malam Yari ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi, ya dubi wajen ƙofar gida inda hayaniyar mata ke tashi.

"Liman," ya ce, "amana ce."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya sa kowannensu ya zama sutura ga ɗan'uwansa har ƙarshen rayuwa. Amin.